Tantance shekaru ko tabbatar da shekaru? Mu tsayar da kalma ɗaya

1. Jama'ar Maradi da kewaye, ina neman shawara. Abin da Faransawa ke kira vérification de l'âge, wato a binciki shekarun mutum kafin a bar shi ya shiga wani shafi, har yanzu kowa da yadda yake faɗinsa da Hausa.

2. Maganar ta yi zafi a duniya. Ostireliya ta hana ƴan ƙasa da shekara 16 riƙe asusu a TikTok, Facebook da Instagram tun 10 ga Disamba 2025. A Ingila, tun Yulin 2025 shafukan batsa ke neman katin shaida ko hoton fuska.

3. Wani malaminmu ya kawo "gwajin balaga". Allah ya ƙara sani, malam, amma ban yarda ba. Yaro na iya balaga yana da shekara 14, doka kuwa 16 ko 18 take ƙirgawa. Iyaye za su ɗauka maganar addini ake yi.

4. "Tabbatar da shekaru" ma ta yi sako-sako. Yaron da ya danna "na kai 18" a salular babarsa ai ya tabbatar, da bakinsa. Ni "tantance shekaru" na zaɓa, don tantancewa wani ne ke yi maka ita, yana duba shaida. Nan ne kuma damuwata take: wa zai ajiye hoton katinka? Yaran karkara da ba su da takardar haihuwa fa, a ina za a sa su?

5. Wata kalmar Faransanci da ta fi ba ni wuya ita ce censure, wato hukuma ta hana jama'a gani ko faɗin wani abu. A Kano "tacewa" suke cewa, kamar hukumar tace fina-finai. Kalmar ta yi wa abin ado, don mai tace gasara dusa kawai take zubarwa. Abin da aka yi mana a Nijar a Fabrairun 2021 bayan zaɓe, da aka ɗauke intanet na salula kusan kwana 10, katsewa ce. Rufe Twitter a Najeriya a wannan shekarar kuma toshewa ce. Kada a haɗa su da kare yara a kalma ɗaya.

6. "Takunkumi" ta dace, sai dai tun takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta saka wa Nijar a 2023, kunnenmu CEDEAO yake ji a cikinta. Ƴan Damagaram da Katsina, me kuke cewa a wajenku?