Adireshi ɗaya, amma ƙarin ɗaya ya bambanta: tambaya a kan manuni da jeri a yaren C

Ɗalibi daga Ringim:
Assalamu alaikum, malamai. Ina gida hutun damina, kuma ina bitar yaren C, wato wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, a waya da daddare bayan mun taso daga gona. Na rubuta int a[5], wato jerin lambobi biyar mai suna a, sannan na buga a da &a, sai na ga adireshinsu, wato wurin da suke nunawa a ma'adanar waya, ɗaya ne. Da na ƙara ɗaya a kan kowanne kuwa, a+1 ya matsa da bayit 4 (bayit shi ne ma'aunin wuri a ma'adana), shi kuma &a+1 ya matsa da bayit 20. Tunda wuri ɗaya suke nunawa, daga ina bambancin ya fito?

Malamin lissafi daga Gumel:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka ɗauka gonarku kunya biyar ce. Wanda ya tsaya a kan iyaka yana bakin kunyar farko, kuma yana bakin gonar baki ɗaya, domin ƙasar da ya taka ɗaya ce; amma idan ka ce masa ya wuce zuwa ta gaba, dole ya tambaye ka, kunya kake nufi ko gona. Haka manuni yake, wato abin da ke riƙe da adireshin wani abu: ban da adireshi, yana da nau'in abin da yake nunawa, kuma da girman wannan abin ake auna takunsa. A cikin lissafi, a yana zama manuni ga lamba ta farko, wadda a wayarka bayit 4 ce, alhali &a manuni ne ga jerin gaba ɗaya. Idan jerin ya fara a 1000, na farko zai sauka a 1004, na biyu a 1020.

Mai gyaran kwamfuta daga Kazaure:
Bayanin Malam ya wadatar, sai dai ka kula da baka, wato alamomin ( ). int (*p)[5] manuni ɗaya ne ga jerin lambobi biyar, int *p[5] kuwa jerin manunai biyar ne. Ni kaina na taɓa kwana ina neman kuskure a wani aiki, ashe bakan nan biyu na manta.

Ɗalibi daga Ringim:
Allah ya saka da alheri. Na rubuta int (*p)[5], na gwada p = &a, na karanta (*p)[2], ya ba ni lamba ta uku daidai. Malam, ke nan a[2] da *(a+2) abu ɗaya ne?

Malamin lissafi daga Gumel:
Ƙwarai kuwa, haka ƙa'idar yaren ta fassara shi. Amma kada ka karanta abin da ke 1020, domin wannan gonar maƙwabci ce.