Guguwa ce ta ci Darna ko ba guguwa ba?

Ɗan Bengazi: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri, yau sai na amayar da abin da ke cina. Jiya a teburin mai shayi wani ya buɗe baki ya ce abin da ya sami mutanen Darna, garin nan na bakin teku a gabashin Libiya, alhaki ne, wai don Libiyawa na wulaƙanta baƙar fata. Wallahi ko shayin ban shanye ba. Shekara huɗu na yi ina aikin gini a gabashin Libiya, wulaƙancin na ɗanɗana shi da kaina, an cinye mini kuɗin aiki ba sau ɗaya ba. Amma daren 10 ga Satumba 2023 da guguwar Daniyel ta sauka, ruwa bai tambayi launin kowa ba. Leburori irina, Misirawa da Sudanawa, sun tafi teku tare da iyayen gidansu. Wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi ya koma Darna aiki kafin abin, har yau lambarsa ba ta shiga. Ina tambaya, ya halatta mutum ya zauna yana yi wa mutuwar bayin Allah fassara?

Hajiya Mai Atamfa: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya bayyana abokinka.

Malam Na Tsangaya: Amin. Sai dai ƙanena akwai gyara. Ka ce guguwa. Guguwa iska ce mai juyawa da ƙura da kara da leda, a bazara take tashi, ta ratsa fili ta mutu. Tun da nake ban taɓa ganin guguwa ta jiƙa ko rigar yaro ba. Abin da ya ci Darna ambaliya ce.

Ɗan Bengazi: Malam ba wannan na tambaya ba.

Malam Na Tsangaya: Na sani. Amma in aka kuskure sunan cuta, maganin ma za a kuskure.

Injiniya: Malam, da girmanka, a nan Ɗan Bengazi ne da gaskiya. Abin juyawa yake yi kamar guguwar fili, sai dai faɗinsa ɗaruruwan kilomita ne, kuma a kan teku yake girma. Farkon Satumba iska mai rauni ta maƙale a kan Girka, iska mai nauyi ta tare ta gabas da yamma, ta kasa wucewa. Ta yi kwanaki tana zuba ruwa a yankin Tesali, wani ƙauye ya sami sama da milimita 700 a yini guda. Daga nan ta gangara kudu kan Bahar Rum, ta tarar ruwan ya ɗumama bayan zafin wannan shekarar. Ruwa mai ɗumi tururi yake fitarwa, tururin ya hau sama ya zama gajimare, wurin zama gajimaren ya saki zafi, zafin ya ƙara ɗaga iska, iskar gefe ta rugo ta cike gurbi, juyawar ƙasa ta karkatar da ita. Haka take ci da kanta har ta isa tudu. To in ba guguwa ba, me za ka kira abin da ke juyawa haka?

Malam Na Tsangaya: Hadari.

Ɗan Damagaram: Hhhh. Malam ya kashe bakin boko da kalma ɗaya.

Injiniya: Hadari na haɗuwa da la'asar ya watse da isha'i. Wannan ya yi kusan mako yana yawo daga wata nahiya zuwa wata.

Uwar Gida: Ni a rediyo "mahaukaciyar guguwa" nake ji suna cewa, kuma su ma Hausawa ne.

Ɗan Damagaram: 'Yan rediyo? Su da ke fassara Turanci kalma da kalma? Hausar Kano ce ta lalata mana harshe, komai guguwa, siyasa ma guguwa.

Bakano Zalla: Ka ji shi fa. Ana maganar Libiya ka jawo Kano. Ku da kuke cewa mota "watir".

Ɗan Damagaram: Ban taɓa cewa watir ba, yayana. Ka je ka tambayi masu cewa.

Hajiya Mai Atamfa: Don Allah ku bari mana. Yaro na cikin damuwa.

Injiniya: Abin da Malam ya faɗa yana da ƙamshin gaskiya ta gefe ɗaya. Iskar ba ta kai ta manyan guguwowin Amurka ba, kilomita 70 zuwa 80 a awa aka auna a Libiya. Ba ita ta rushe benaye ba. Ruwan da ta ɗauko ne. Ta bugi tsaunukan Jabal Akhdar ta juye kayanta, garin Baida ya sami milimita 414 cikin awa 24, kusan rabin abin da Kano ke samu a damina guda. Ruwan tsaunin da ke bayan Darna ya bi kwari ɗaya, Wadi Darna, wanda ya raba garin biyu ya faɗa teku. A kan kwarin akwai madatsai biyu. Ta sama ta fashe tsakar dare, ruwanta ya daki ta ƙasa wadda ke bakin gari, ita ma ta tafi. Mutane na barci.

Malam Na Tsangaya: Alhamdu lillahi. Ka dawo kan maganata. Ambaliya.

Injiniya: Wa ya kawo ruwan, Malam?

Malam Na Tsangaya: Allah.

Sojan Gaddafi: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba guguwa ba ce, ba ambaliya ba ce, 2011 ce ta ci Darna. Madatsan nan a zamanin Gaddafi aka gina su, shekarun 1970, kamfanin Yugoslabiya ya yi aikin. Da mutumin nan yana raye da ba a yi haka ba. NATO ta taimaka aka kashe shi, ƙasa ta rabe biyu, gwamnati a Tarabulus, madugun soja Haftar a gabas, kowa na gadin kujerarsa. Wa zai duba dam?

Bakano Zalla: Mataimakin magajin garin Darna da bakinsa ya ce rabon da a gyara su tun 2002. Wa ke mulki a 2002?

Sojan Gaddafi: Takunkumi aka sa masa.

Bakano Zalla: Takunkumin bai hana shi haƙa kogi a cikin sahara ba, sai gyaran dam biyu?

Sojan Gaddafi: Kai dama duk abin da Bature ya faɗa shi ne karatunka. Ka tambayi mutanen Agadas yadda suke cin abinci lokacin yana nan.

Ɗan Damagaram: Wannan kam gaskiya ne. Gidanmu da kuɗin Libiya aka yi masa rufin kwano.

Uwar Gida: Ni abin da ban gane ba, me ya sa aka sa mata Daniyel? Ta kashe Musulmi kuma a ba ta sunan Nasara?

Injiniya: Masu hasashen yanayi na Girka ne suka raɗa, tun tana wajensu, daga jerin sunayen da aka tsara tun kafin a san wadda za ta yi ɓarna.

Malam Na Tsangaya: Kuma Daniyalu sunan bawan Allah ne na Bani Isra'ila, malamai sun ambace shi. Bai dace a raɗa wa bala'i ba.

Sojan Gaddafi: Mutum dubu 20 fa suka mutu.

Injiniya: Magajin gari ne ya yi wannan kirdadon a kwanakin farko. Sai aka yi ta yaɗa 11,300. Gawarwakin da aka tabbatar sun haura 4,000, wasu dubbai kuma ba a gan su ba, teku ta tafi da su.

Sojan Gaddafi: To rage su kake yi?

Injiniya: Ban rage kowa ba. Kuma tunda ana neman mai laifi, a 2022 wani malamin Jami'ar Umar Mukhtar, Abdulwanis Ashur, ya rubuta cewa in ba a gyara madatsan ba babban ruwa zai halaka garin. Ba a saurare shi ba. Mutanen Darna da kansu sun taru a Masallacin Sahaba ranar 18 ga Satumba suna zanga-zanga, suka ƙona gidan magajin gari. A Yulin 2024 kotu ta ɗaure jami'ai 12. Ba iska aka ɗaure ba.

'Yar Maiduguri: Ina karantawa tun ɗazu na kasa shiru. Shekara guda cif bayan Darna, 10 ga Satumba 2024, dam ɗin Alau ya ɓalle mana. Mu ba teku, ba Daniyel. A kan katanga muka kwana da yara. Ku ci gaba da faɗa a kan kalma.

Bakano Zalla: Allah ya kiyaye gaba. Mu ma Bagauda ta yi mana a 1988.

Ɗan Damagaram: Ka ga, ya sake kawo Kano.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Abin da muka fahimta shi ne, kamar yadda Malam ya yi bayani tun farko, ambaliya ce, kuma Injiniya ma daga baya ya amince. An kuma tabbatar cewa a zamanin marigayi Gaddafi aka gina madatsan, bayan rasuwarsa suka fashe. Batun Kano da Damagaram a kai shi wani zauren. Allah ya saka wa Malam da alheri.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a ina na amince?

Ɗan Bengazi: Gobe da safe zan koma teburin mai shayin nan, mutumin zai zo. Me zan ce masa?

Malam Na Tsangaya: Ka fara da ce masa ba guguwa ba ce.