Tsohuwar aska mai naɗewa: yaya kuke gane ta ƙwarai?

Jikan wanzami: Assalamu alaikum. A zabirar kakanmu, Allah ya jiƙansa, akwai wata askar Turawa mai naɗewa cikin ƙotarta, ba irin wadda maƙeranmu ke ƙerawa ba. A wuyanta an buga Wade & Butcher, Sheffield. So nake in sa a wasa min ita in riƙa gyaran fuska. Waɗanda suka taɓa riƙe irinta, me kuke dubawa kafin ku ce aska ta ƙwarai ce?

Mai sayar da kayan da: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ka yi gado mai kyau, don Sheffield ce cibiyar ƙera aska a Ingila a ƙarni na 19, wannan kamfani kuwa yana cikin manyanta. Sake duba wuyan, ko akwai "England" kusa da sunan garin. A 1890 Amurka ta yi dokar da ta tilasta buga sunan ƙasa a kan kayan da ake shigar mata, aka fara aiki da ita a 1891. In babu, mukan kyautata zaton askar ta girmi wannan shekara, sai dai wadda ba Amurka aka nufa da ita ba tana iya fitowa ba rubutun. Na taɓa sayar da wata mai haruffan VR da kambin sarauta a tsakaninsu, wato zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. Cikin sauran kamfanonin Sheffield, tambarin Joseph Rodgers tauraro ne da gicciye, na George Wostenholm kuma hoton lofe. In ka ga Solingen, Jamus ke nan. Eskilstuna kuwa Suwidin ce, ƙarfensu tauri gare shi, yana daɗewa bai dakushe ba.

Wanzami: Alhaji, duk abin da ka faɗa haka yake, amma sunan da ke wuya ba ya aski. An sha kawo min masu babban suna waɗanda sun riga sun ƙare.

Ɗana, fara da gadon bayanta. Askar Turawa a kwance ake wasa ta, baya da baki duk suna taɓa dutse, saboda haka bayan ne ke gaya maka irin hannun da ta biyo. In ka ga siririn layi mai sheƙi ya tafi daidai daga wuya har tsini, a gefe biyun, mai ita ya san aiki. In layin ya yi faɗi a tsakiya ya tsuke a ƙarshe, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa, an danne ta da ƙarfi shekara da shekaru. Daga nan ka dafa bakinta a hankali kan gilashi, ka ɗaga wajen haske. Bakin da ya ɗan yi tumbi ba laifi, tsofaffin Sheffield da yawa haka aka ƙera su. Wanda haske ke ratsawa ta tsakiyarsa shi ne matsala, don sai an cinye ƙarfe mai yawa kafin ya miƙe.

Tsatsa ba ta ba ni tsoro in a baya take ko a wuya, ana gogewa. Wadda ta yi ƙananan ramuka baƙaƙe dab da baki ita ce muguwa. Kana wasawa, kaifi na isa ramin sai giɓi ya buɗe, ka wuce shi wani ya sake buɗewa. Tsaga kuwa, ko ta kai siririn gashi, ajiye askar kawai don tunawa da Baba, kada ka ɗora ta a fuska.

Mai tara aska: Baba wanzami ya gama magana kan ƙarfe, bari in taɓa ƙota. Tsofaffin na Ingila galibi ƙaho ne, wani lokaci ƙashi ko hauren giwa. Ƙaho ƙwari kan ci shi, yakan kuma lanƙwashe, sai ka rufe askar a hankali ka ga ko bakin na bugun gefe. Wadda nake jin tsoro ita ce ƙotar tsohuwar robar nan seluloid, mai launi kala-kala, da ta yi yawa a askokin Jamus da Amurka. In ta fara ruɓewa takan fitar da iska mai cin ƙarfe. Na sayi wata a gwanjo, rabin ƙarfen askar da ke shiga ƙota ya yi ja da tsatsa, bayan da ke waje kuwa fes, ga wani wari mai tsami. Da ka ga haka a cire ƙotar nan take, kada kuma ta kwana akwati ɗaya da sauran.

Ɗalibi a Jamus: Yaya, ka kiyayi masu injin wasa wuƙa. Wani ya karɓi ta mahaifin abokina, ya ɗora a inji har bakin ya yi shuɗi. Zafi ya kashe taurin ƙarfen, yanzu ko an wasa ba ta riƙe kaifi. In ka ga shuɗi ko ruwan ƙasa a bakin aska a kasuwa, wuce ta.

Jikan wanzami: Na duba, babu "England", ƙotar baƙin ƙaho ce. Amma tana da kauri da nauyi, ba ta yin ƙara in na ɗan taɓa bakin da farce. Aibi ne?

Wanzami: Ba aibi ba ne. Masu ƙarar nan su ne waɗanda aka rarake cikinsu suka yi siriri, har in ka kwantar da bakin kan farcen babban yatsa za ka ga ya ɗan lotsa. Taka irin ta da ce mai kaurin ciki, shiru take aski, kuma tana son gemu mai tauri. Wasa ta ne ke cin lokaci. Ka kai wa mai dutse mai laushi da ruwa, ya gama da fata, sannan a gwada a gashin hannu: in tana tsinke shi ba tare da an danna ba, ta yi. Kafin ta taɓa fuskarka ka wanke da sabulu ka goge da sifirit, amma kada ka tafasa ta, ƙahon zai lalace. Bayan kowane aski ka tsane ta sarai, har cikin ƙota, ka shafa mata ɗan mai.