Tambaya: wai da gaske dare ya yi haske bayan fashewar dutsen sama a Rasha?

Ɗan Pantami:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare babu wuta, muna zaune ƙofar gida sai ƙanina ya kawo zancen wani dutse da ya faɗo daga sama ya fashe a Tunguska can Rasha a 1908, wai har mutanen Landan suna karanta jarida tsakar dare ba fitila. Abin ya tsaya min a rai wallahi. Dutsen da ya fashe da safe ya ƙone ƙurmus, ta ina zai haska daren wata ƙasa mai nisan dubban kilomita har kwanaki? Masu ilimi a taimaka.

Malamin Kumo:
Wa alaikumus salam. Ƙaninka bai yi ƙarya ba. Ranar 30 ga Yuni 1908 ne, a dajin Saberiya, dutsen ma bai taɓa ƙasa ba, a iska ya tarwatse kamar kilomita 5 zuwa 10 sama, amma ƙarfin ya kwantar da bishiyoyi kusan miliyan 80. Lokacin da masanin duwatsu na Rasha Leonid Kulik ya isa wajen a 1927 bai samu rami ba, sai itatuwa kwance. Amma hasken daren nan ba wutar dutsen ba ce fa, rana ce. Ƙura da tururin ruwa ne suka hau can ƙololuwar sama wajen kilomita 80, inda sanyi ya mai da tururin ƙananan ƙanƙara, to ko rana ta faɗi ga mutanen ƙasa tana ci gaba da dukan wannan ƙanƙarar da ke sama, ita kuma ta maido hasken. Kamar yadda kan dutse mai tsawo yake da sauran rana bayan gari ya fara duhu.

Maman Hanifa:
Ikon Allah! To malam kamar hazon hunturu kenan? Amma ni a Bajoga hazo duhu yake ƙara mana, ko wata ba ma gani sosai.

Malamin Kumo:
Hajiya tambayarki ta yi kyau. Hazonmu ƙasa-ƙasa yake, da magariba ta yi shi ma ya shiga inuwar duniya. Kuma ki lura mu nan Gombe rana a miƙe take nitsewa, shi ya sa tsakanin magariba da isha'i awa ɗaya ne da 'yan mintoci. Su kuwa Ingila a watan Yuni rana ba ta yin nisa ƙasa, shafaƙi ma ba ya gama ɓacewa, to da ƙurar ta zo sai ta tarar da hasken da za ta kama. Ni a ganina ko a nan abin ya faru ba za mu ga irin wancan daren ba.

Ɗan Azare:
Ni abin da ya fi ba ni tsoro dutsen da ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha ne a 2013, mutane suka ga haske suka ruga taga kallo sai ƙarar ta iso daga baya ta farfasa gilasai, wajen mutum 1,500 suka ji ciwo. Kuma kar a ɗauka abin Turai ne kawai, a Mayo Belwa nan Adamawa dutse ya faɗo a 1974, na Zagami a Katsina kuma 1962, shi na Zagamin masana sun tabbatar daga duniyar Mas ya zo.

Ɗan Pantami:
Na gode malam, maganar shafaƙin nan ce ta warware min. Yau zan kai wa ƙanina. Ɗan Azare don Allah ka ƙaro bayani kan na Zagami, ban taɓa ji ba.