Taswirar ƙananan hukumomin Kano ta ƙi fitowa daidai a R

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku taimaka min, hankalina a tashe yake. Ina yin digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, bincikena kan rigakafin yara ne a ƙananan hukumomi 44 na Kano. Da manhajar lissafi ta SPSS na fara, kwamfutata ta mutu, na ari ta ƙanina, ga jego ga aiki, yanzu kuma malamin da ke duba aikin ya ce sai da taswira, Litinin yake so. Sai na koma manhajar R, na sauke shapefile, wato fayil ɗin taswira, daga shafin GADM, na buɗe da umarnin st_read, na haɗa da alƙalumana da left_join, na zana da geom_sf. Ta fito, amma wasu ƙananan hukumomin toka-toka suke, ba launi. Sunayen Dala, Fagge, Gwale da Tarauni kuma sun hau kan juna.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, matsalar suna ce kawai. Tokar nan NA ce, wato haɗin bai kama ba. Wani ya rubuta Nassarawa wani Nasarawa, wani Dambatta wani Danbatta, R kuwa ba ya lamuni ko da harafi ɗaya. Yi anti_join, zai fito miki da waɗanda suka ƙi. Kuma in fayil ɗin na ƙasa ne gaba ɗaya, duka ƙananan hukumomi 774, tace Kano tukuna, don akwai wata Nasarawa a jihar Nasarawa. Ni dai da lamba nake haɗawa: ɗauko fayil ɗin OCHA, ofishin jin ƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, a shafin HDX, yana da pcode, wato lambar kowace ƙaramar hukuma.

Amsa ta biyu: Hajiya, me ya kai ki R saura kwana kaɗan? Buɗe manhajar taswira ta QGIS, ki ja sunayen da hannu. Ni nawa malamin sai da ya sa na sake launi sau ba adadi, ranar kare aiki ko shafin bai buɗe ba. Har yau abin na ci min rai.

Amsa ta uku: Kin duba .prj kuwa, fayil ɗin da ke nuna tsarin awon taswirar? Mayar da taswirar zuwa tsarin UTM 32N, EPSG 32632.

Amsa ta farko: Malam, .prj ba ya hana launi. Kar a rikita ta. Cunkoson suna kuwa, yi wa birni ƙaramar taswira daban a gefe.

Mai tambaya: Na gode, Yaya, amma sunayena daidai suke, daga takardar hukuma na kwafo su. GADM kuma na riga na rubuta shi a babi na uku, malam ya sa hannu. QGIS ba zai hau kwamfutar nan ba.

Amsa ta farko: Ba wanda ya ce naki kuskure ne. Turo abin da anti_join ya ba ki.

Mai tambaya: Sai an kawo wuta. Ba dai wata hanyar da ba sai na taɓa sunayen ba?