Mako 7 bayan tiyatar kansar bututun maɗaciya, Baba bai samu ƙarfi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan ciwo.

Mahaifina, mai shekara 64, an yi masa tiyatar kansar bututun da ke ɗauko ruwan ɗaci daga hanta zuwa hanji. An cire bututun da maɗaciyar, an yanke ɓangaren hanta, aka haɗa ragowar da hanji. Kwana 12 ya yi a asibiti. Alhamdu lillahi ciwon shawarar da ya sa idonsa rawaya ya washe, idonsa ya yi fari, ƙaiƙayin ma ya daina.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cin abinci. Loma uku ya ce ya ƙoshi, abu mai maiƙo kuwa zawo yake sa shi. Ya rame da kilo 8. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya, yanzu in ya taka zuwa bakin ƙofa sai haki.

Likita ya ce samun ƙarfi kan ɗauki wata 3 ko fiye, amma yana so a fara ba shi ƙwayoyin maganin kansar na wata 6 kafin mako na 12. Ni a ganina jikin bai kai ba tukuna.

Naku majinyacin yaushe ya fara ci sosai? An taɓa jinkirta muku maganin saboda rama?