Neman shawara kan iskar da ke shiga layin gas na Mercedes 911

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon kanikawa da tsofaffin direbobi game da babbar motar mahaifina, Allah ya jiƙansa, wato Mercedes 911 mai injin OM 352 na silinda 6, wadda ta shekara 11 a ajiye a Kano, kuma na ƙudiri niyyar sai na mayar da ita kan hanya.

Mun sauke tanki mun wanke tsatsa da dagwalon tsohon gas, mun canza filta da bututun mai, an kuma gyara nozul duka 6. Idan na buga famfon hannu har iska ta fita, motar tana tashi da bugu ɗaya, amma bayan kamar minti 10 sai muryar injin ta fara rawa, ta shaƙe, ta mutu. Da zarar na sassauta kusar kan filta, kumfa ce fara ke fitowa kamar ta sabulu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da muka ba ta gas daga jarka kai tsaye zuwa famfon, ta yi awa guda tana aiki ba tare da ko gezau ba. Don haka ban yarda da bakaniken da ya ce a kwance injekta, wato famfon da ke raba gas zuwa nozul ba, domin a ganina lafiyarta ƙalau.

Shin bututun da ke zuƙo gas daga cikin tanki yana iya tsagewa ta inda ido ba ya gani, kuma ta yaya ake gwada shi? Ko kuwa tsohuwar wosha ta tagulla da muka mayar, wato zoben da ke toshe mahaɗar bututu, ita ce ke ba iska hanya?